Ƙararrawar da Baba Ya Ɗaure wa Baki

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Ko jikokina sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in dace da wanda nake nufi. Amma zancen ƙararrawar mahaifina, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari. Ba zan taɓa mantawa ba, kuma har yau in na tuna, ruɗewar da na shiga a lokacin sai ta dawo mini sabuwa fil.

A Makka abin ya faru, cikin shekarun sittin, lokacin da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami. Muna zaune a Mansur, cikin irin ɗakunan nan na langa-langa da katako da mu Takari muka kakkafa a gindin dutse. Ina da aure da 'ya'ya biyu. Maigidana ɗan ga-ruwa ne, yana da jaki da amalanke mai ɗauke da duro. Ya ɗebo a bazan, wato famfon unguwa, ya kai gidajen Larabawa. Ni kuma ina suyar ƙosai a bakin titi. Daga ni har shi babu mai igama, wato takardar izinin zama. In aka ce askarawa, 'yan sandan can, sun shigo unguwa, kasko ma a kan wuta nake barinsa.

Baba yana tare da mu a gidan. Tsohon soja ne, ɗan Boma. Bayan ya dawo daga yaƙi bai daɗe a Kano ba mahaifiyata ta rasu, ya kamo hannuna muka taho ta Sudan, muka yi hajji, muka zauna. Sunan uwarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Tabarmarsa in ya naɗe sai ka ce da awo ya yi, kuma bai yarda a ajiye buta a karkace ba. Amma maganar yaƙi, ko kusa. In yara suka ce, "Baba, mutum nawa ka harbe?" sai ya ce, "Ni alfadari na ja," ya tashi ya bar musu wurin.

Yana da wani ƙaramin akwatin ƙarfe. A ciki akwai lambobin yabonsa da ba ya sawa, da wata ƙararrawa ta tagulla, girmanta bai wuce kofin shayi ba. An naɗe ɗan ƙarfen da ke cikinta da tsumman kaki, an ɗaure tamau, ta yadda ko ka girgiza ba ta cewa komai. Tun ina yarinya na san ta. Sau ɗaya na taɓa jan tsumman, kuma ran nan ne kaɗai a rayuwata Baba ya daka mini tsawa. Daga nan na sa a raina laya ce ta soja, irin wadda ba a tambaya.

Ciwon ajalinsa ya zo da zafin bazara. Tari ne da kumburin ƙafa, muka yi na gida muka yi na asibiti, abu sai gaba yake. Wata rana da hantsi, maigida ya fita aiki, ina ba shi kunu, sai ya nuna akwatin da haɓa. Na buɗe. Ya ɗauki ƙararrawar ya damƙa mini a hannu, ya rufe da nasa.

"Uwata, in an kai ni Ma'ala, ki kwance mata baki. Ki kaɗa ta a wurin."

"A maƙabarta, Baba? Ƙararrawa?"

"A can ɗin. Ki yi mini alkawari."

Na dube shi ko zazzaɓi ne ke magana. Idonsa garau. Na so in ce, "Don me?" Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma ga mutum yana neman numfashi da ƙyar. Sai na ce, "Na yi, Baba." Na yi tunanin in ya ɗan samu sauƙi zan tambaye shi. Sauƙin bai zo ba. Washegari bayan azahar ya cika.

An yi masa salla a Harami da la'asar. Wanda ya san Makka ya san yadda abin yake. Ana sallamewa sai a ce a yi salla ga mamata, dubban mutane su miƙe, ba wanda ya san ko wane ne a kwance. Maza suka ɗauke shi da sauri zuwa Ma'ala, mu mata muka dawo gida, don mace ba ta shiga maƙabarta a can. Da maigida ya dawo na tambaye shi inda aka sa Baba. Ya ce, "Can wajen katangar da ke kallon unguwar Hajun." Na ce wane kabari? Ya buɗe hannuwa. Ba suna, ba alama, ɗan dutse ne kamar na kowa. Ya ce ko shi aka mayar yanzu ba zai iya rantsewa ga shi ba.

Sai da 'yan gaisuwa suka ragu sannan na gaya masa wasiyyar. Yana cin tuwo, ya tsaya da loma a hannu.

"Ƙararrawa? A Ma'ala? Ke, kin san inda muke kuwa?"

"Alkawari na yi masa."

"Ki yi masa addu'a, ki yi masa sadaka, ni zan yi masa umara. Amma in tsaya a kan kabari ina kaɗa ƙararrawa kamar a coci? Mutawwa mai hana saɓo ya riƙe ni, ya miƙa wa askar, askar ya ce ina igama. Sai tarhil, a kore ni gida. Ki wayi gari ina cikin jirgin ruwa, ke da yara kuna nan. Wannan kike so?"

Ba wannan nake so ba. Kuma abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ji kamar in jefe shi da murfin tukunya, don ba abin da ya kai a kayar da kai da gaskiya ciwo.

Na tafi wajen malamin da ke koya wa yaranmu karatu. Daga bayan labule na karanta masa komai. Ya ce wasiyya abu ce mai nauyi, amma ba a cika wadda ta saɓa. Ya ce ƙararrawa ba tamu ba ce, wataƙila zaman da Baba ya yi da Nasara ne ya bar masa wannan a zuciya, in roƙa masa gafara. Na fito jikina a sanyaye. Baba da bai taɓa rasa jam'i ba? Baba da duk watan da ya samu ƙarfi sai ya tafi Tan'im ya ɗauro harami ya yi umara, har muna yi masa tsiya cewa zai ƙarar da ladan bai bar wa kowa ba? Shi ne za a ce yana da wani abu na Nasara a ɓoye?

Matan unguwa kuwa kowacce da nata. Wata ta ce asiri ne na tsare harsashi, in ban kwance ba ƙasa ba za ta karɓe shi ba. Wata ta ce in jefa a rijiya in huta. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ce kada in kuskura in kaɗa, aljanun dajin Boma ne aka kulle a ciki. Na rasa wadda zan bi. In na ajiye ta a akwati sai in ga na ci amanar mahaifina. In na ɗauko sai in ga zan jawo wa gidana masifa, in kuma ɗora wa mamaci zunubi. Ƙosaina ma ya shaida. Ran nan na zuba gishiri sau biyu, gobe na manta gaba ɗaya, har wani mai saye ya tambaye ni ko an canza mai suya.

Daga ƙarshe na yanke abin da yanzu nake ganin wauta ce tsantsa. Na ce tun da ni aka ba wa, ni zan je. Ba zan shiga ba, zan tsaya a bayan katanga, in kaɗa sau ɗaya, in juyo. Wata safiya bayan maigida ya fita, na bar yara wajen maƙwabciya, na sa abaya, na cusa ƙararrawar a lalitata, na kama hanya a ƙafa.

Kafin in isa Hajun rana ta take. Na bi katangar ina neman inda ba mutane. Kuma sai wani sabon tunani ya zo mini: ta ina ma zan tsaya? Katanga ce doguwa, bayanta kaburbura ne iya ganin ido, duk iri ɗaya. Na zaɓi wani wuri kawai na tsuguna, na fito da ita. Tsumman ya riƙe kamar an haife su tare. Na sa farce, na sa haƙori, ya dinga marmashewa a hannuna. Da ya fita, na yi bisimilla, ban ma sani ba ko ya dace a yi bisimilla a kan irin wannan, na runtse ido, na girgiza.

Shiru.

Na sake girgizawa da ƙarfi. Ko ƙis. Na leƙa ciki. Ashe tsatsa ta cinye ɗan ƙarfen, ta manne shi da jikin ƙararrawar. Shekara da shekaru muna tsoron ƙarar abin da ba shi da ƙara.

Ina cikin wannan sai na ga inuwa a kaina. Askar ne mai gadin ƙofa, da sandarsa.

"Ya hajja, esh hada? Me kike yi a nan?"

Larabcin da nake ciniki da shi kullum ya gudu ya bar ni. Na ga jirgin ruwa, na ga 'ya'yana a hannun maƙwabciya. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya juya ta, ya kai kunne, ya girgiza. Shi ma ba ta ce masa komai ba. Ya dube ni, ya dubi tsumman da ke cinyata, na ga alamar ya ɗauka ko dai mai tsince-tsince ce ko kaina ba daidai ba. Ya miƙo mini ya ce ta lalace, ba mai saye. "Ruhi, ruhi, mamnu'. Tafi, an hana. Mata ba sa zama a nan."

Na tashi na kama hanya. Duk hanyar gida ina kuka ina tambayar kaina. Allah ne ya kame bakinta don ya tsare ni daga saɓo? Ko ya tsare ni daga askar? Na cika alkawari tun da na kwance na kaɗa, ko ban cika ba tun da ba ta yi ƙara ba? Na tafi da ruɗewa ɗaya na dawo da goma.

A ƙofar gida na tarar da maigida a tsaye, jaki a ɗaure, duro cike da ruwan da bai kai wa kowa ba. Maƙwabciya ta gaya masa. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Kin dawo," ya shige ɗaki. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki Baba Kofur ya zo gaisuwa. Tare suka yi soja da Baba, rukuni ɗaya. Yana gadin wani shago a unguwar Misfala, amma rasuwar ta same shi a Madina, shi ya sa ya makara. Tsoho ne mai kunne ɗaya, ɗayan igwa ta kashe shi, don haka magana yake kamar yana kiran wani a tsallaken kwari. Bayan addu'a na ɗauko ƙararrawar na ajiye a gabansa. Ya dube ta, ya dubi bakinta a kwance.

"Wa ya kwance?"

"Ni ce, Baba Kofur. Shi ya ce."

Ya ɗauke ta da hannu biyu. Ya ce ta alfadarin da ke gaba ce, wanda Baba yake ja. Ran da za su shiga daji aka ba da umarni kada a ji motsin komai, don Jafan suna ko'ina. Alfadaran ma an yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka. Aka ce a zubar da duk ƙararrawa. Baba ya ƙi zubar da tasa, ya yagi rigarsa ya ɗaure mata baki. Su 'yan ƙasar Kano da ke tare suka yi ta yi masa dariya, sannan suka ƙulla magana: ranar da suka koma gida gaba ɗayansu, za a kwance ta a kaɗa, kowa ya ji.

"Ba mu koma gaba ɗaya ba, 'yata," in ji shi. "Wasu a daji muka bar su. Ba wanka, ba salla. Ganye muka ja muka rufa musu, muka wuce, don ba a tsayawa."

Ya ce da yaƙi ya ƙare, kafin a sa su a jirgi, an kai su wata babbar maƙabartar sojoji. Duwatsu farare a jere, kowanne da suna. Aka tsayar da su a layi, ana kiran sunan mamaci ana buga ƙararrawa, ana kira ana bugawa. Suka yi ta saurare har aka gama, ba su ji sunan nasu ko ɗaya ba, don ba a samo gawarsu ba. A nan Baba ya dafa aljihunsa ya ce masa, "Tasu tana nan."

"To da kuka isa Kano me ya hana shi kaɗawa?" na tambaya.

"Na ce masa ya kaɗa. Ya ce su ba su iso ba, ya zai kaɗa? Umarar nan da kuke ganin yana yi ba ƙaƙƙautawa, tasa ce? Tasu ce. Ɗaya bayan ɗaya, in ya gama ya sake daga farko. Ya ce mini gidan da za a haɗu gaba ɗaya guda ne, in ya isa can sai a kwance."

Na rufe fuska da mayafi. Shekara nawa ina wanke wa mutumin nan haramin umara, ina yi masa tsiya, ban taɓa cewa, "Baba, wa kake yi wa?" ba. Sai na ce, "To Baba Kofur, halal ne ko haram?" Ya juyo mini kunnen mai ji, na maimaita. Ya ce, "Ni soja ne, ba malami ba. Abin da na sani, mutanen nan an yi musu alkawari." Ga ni dai a inda nake, sai dai yanzu na san nauyin abin da ke hannuna. Maigida yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran igiyar amalanke, yana jinmu.

Washegari na buɗe akwati, ba ƙararrawa. Na juye ɗakin kaf. Na tare shi da ya dawo, ya ce, "Ki bar zancen nan." Shi ke nan, na ce a raina jefarwa ya yi. Na daina yi masa magana sai ta dole. Tuwonsa ma a bakin ƙofa nake dangwarar masa. Ya ci abinsa ya yi hamdala, wanda ya ƙara ƙona mini rai.

Ana nan, wata safiya ya ce in sa abaya in biyo shi. Na ce ina? Ya ce, "Kai ruwa." Na fito ina kumbure-kumbure, sai ga Baba Kofur a tsaye kusa da amalanke, ya sha wanka, ya maƙala lambobinsa a ƙarƙashin babbar riga, ana jin ƙarar su in ya motsa. Na dubi jakin. A wuyansa ga ƙararrawar Baba, an goge ta tana ƙyalli, an ɗaure bakinta da sabon tsumma. Ashe wajen maƙeri ya kai ta aka sa mata sabon ƙarfe. Kuma ashe kwanakin nan da yake dawowa a makare, gidajen da zai riƙa kai wa ruwa yake nema a wajen Hajun, nesa da inda ya saba, don a san fuskarsa a hanyar.

"Jaki dai ba a tambayarsa igama," ya ce, bai ko dube ni ba.

Muka tafi, shi a gaba da jaki, mu a baya. Da muka kai katangar, ya tsaya kamar mai gyara kaya, ya ce a hankali, "Nan ne na fi zato. Ke aka ba wa wasiyya, zo ki kwance." Na sunkuya. Jakin yana hura mini numfashi a kunne. Na kwance. Maigida ya ce, "Kur!" jaki ya ɗaga ƙafa.

Sai ta yi magana. Wata 'yar siririyar murya, garau, ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Duk taku ɗaya, ƙara ɗaya. Na juya in ga Baba Kofur, na gan shi ya ƙame a gefen titi, ƙirji a gaba, hannuwa a manne da cinya. Duk ƙara sai ya kira suna ya ce Allah ya jiƙansa. Shi a ganinsa a hankali yake yi, amma na tabbata har cikin Ma'ala ana ji. Sunayen da ban taɓa ji ba, na mutanen da ba su ga gida ba. A ƙarshe ya kira na Baba. Askar ɗin nan yana zaune a ƙofa a kan kujerarsa. Ya ɗago, ya ga jakin ruwa da tsoho mai surutu, ya mayar da kai ga shayinsa.

Tun daga ran nan har jakin ya tsufa, ta wannan hanyar maigida yake bi, ƙararrawa tana kaɗawa a jikin katangar Ma'ala safe da yamma. Malam ya taɓa ce masa ko a wuyan dabba ma ba a so. Maigida ya ce to, Allah ya yafe mana, bai cire ba. Ni ma ban taɓa samun wanda ya warware mini ba ko daidai muka yi. Na bar wa Allah, shi da ya san abin da ke zuciyar Baba da tamu.

Abin da na koya dai guda ne, kuma shi nake gaya wa jikokina in sun ga ina surutu sun fara zamewa. Tsohon da ke zaune shiru a gidanku, akwai abin da ya ɗaure wa baki yake yawo da shi. Ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Ni na zauna da nawa shekara da shekaru, na san yadda yake son kununsa, na san inda yake ajiye butarsa, amma sai da ƙasa ta rufe shi sannan na ji sunayen mutanen da ya kwana da su ya tashi da su duk rayuwarsa.